Gwaggo Ba Ta Tashi Sai An Tura

Jawabin da Sudi Mhina ya yi a sadakar arba'in ta Mzee Mwinyihija Kibwana, a ƙofar garejinsa da ke Ngamiani, Tanga.

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ya ba mu aron Mzee kuma ya karɓi abinsa lokacin da ya ga dama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da iyalansa da sahabbansa.

Shehe Ramia, limaminmu, wanda ya taɓa mayar da ni sahun baya saboda dariya, ina gaisuwa. Mai girma kansilan unguwa, ina gaisuwa. Bwana Tarlok, shugaban ƙungiyar masu tseren mota, abokin Mzee kuma abokin hamayyarsa tun suna da baƙin gemu, mun gode da ka taso duk da ciwon gwiwa. Dattawan Ngamiani, makanikai, direbobi, da mutanen ƙauyukan dutse da suka sauko tun safe, sannunku. Mamarmu Bi Mwantumu, Allah ya ƙara miki haƙuri. Yaya Mbwana, babban ɗa. Yaya Mwanaidi, wadda gareji ke hannunta. Assalamu alaikum.

Da aka ce mini ni zan yi magana yau, na zaci wani ne yake rama tsiyar da na taɓa yi masa. Na je na sami Mama na ce, “Mama, ni fa ban wuce allo ba. Ga masu takardu nan birjik.”

Ta ce, “Kai ya fi zagi a duniyar nan, don haka kai ya fi so. Je ka yi. Amma kada ka sa mutane dariya a gaban Shehe.”

Mama, ki yafe mini tun yanzu.

Kafin in yi nisa, bari in faɗi abin da kowa ya gani yana shigowa ya kau da kai. Ga dakalin siminti can a bakin titi, sabo fil. Yaya Mbwana ne ya sa aka zuba. Niyyarsa a cire injin Gwaggo, a ɗora gangar jikinta a kai, a kewaye da sarƙa, duk mai wucewa ya tuna da Mzee. Niyya ce ta ɗa nagari. Ita kuwa Yaya Mwanaidi so take ta shiga da Gwaggo Tseren Dutse da Teku da za a yi bayan damina. Tun ranar sadakar uku wa da ƙanwa ba su ci abinci a tire ɗaya ba. Mu da muke gareji mun sani, maƙwabta sun sani, kuma Mama ce ke kwana da abin. A kan wannan zan yi magana, amma sai na bi ta kan Mzee tukuna.

Ya kasance mutum ne da bai iya raɗa ba. Ko sirri zai gaya maka, sai mai sayar da kwakwa a tsallaken titi ya ba da shawara.

Ya kasance makaniken da yake gane ciwon mota tun tana kwanar masallaci. Kafin mai ita ya yi sallama, Mzee ya riga ya ce a miƙo masa sifana.

Ya kasance idan motar ɗaukar marasa lafiya ta unguwa ta mutu, ba ya tambayar wa zai biya. Idan motar makara ta ƙi tashi, da kansa yake shiga ƙarƙashinta da fararen kayansa na Juma'a. Yara nawa ne suka shigo garejin nan ba su san hagu da dama ba, suka fita da sana'a? Ga su nan zaune, wasu da tumbi har sun fi Mzee.

Kuma ya kasance wan Gwaggo. Baƙin da ba su sani ba, Gwaggo mota ce, Fijo, ta girmi uwata. Mzee ya saye ta yana saurayi a hannun wani manajan gona da zai koma ƙasarsu. Ya ce ƙanwarsa ce, don haka 'ya'yan da zai haifa Gwaggo za su ce mata. Sunan ya dace da ita. Tana da mita, tana zuwa taro a makare, amma ba taron da ba ta zuwa.

Tserenta na farko, ita ce ta ƙarshe. Dattawa suna nan, su ƙaryata ni. Ta fita daga nan, ta bi ta Handeni, ta hau duwatsun Usambara, ta dawo bakin teku bayan an naɗe tuta an kwashe kujeru. Mai shara kaɗai ta tarar. Mzee ya ce shi ya ɗaga masa tsintsiya, ya karɓa a matsayin tuta.

Shekarar babbar ambaliya, lokacin da kogin Pangani ya cinye hanya, motoci masu tsada suka zauna cikin laka kamar agwagi. Gwaggo tana gaba, karon farko a rayuwarta. Sai ga motar Bwana Tarlok a gefe, ta nutse har ƙofa. Mzee ya taka birki. Mai karanta masa hanya na wancan lokacin, wato mai zama gefensa yana faɗa masa abin da ke gaba, ya ce, “Mzee, mu ne a gaba fa!” Ya ce, “To sai me? In na ci, wa zan yi wa gori in Tarlok yana cikin rami?” Ya ɗaura igiya ya fisgo shi. Bwana Tarlok ya wuce ya ci kofi, Gwaggo ta zo ta uku. Kofin yana falon Bwana Tarlok har yau, igiyar kuma tana rataye a garejinmu. Bwana, kana gyaɗa kai. Ka san wanne aka fi zuwa kallo.

Daga nan ta yi shekaru tana fita tana dawowa. Ta biyar, ta bakwai, ta huɗu. Ta taɓa dawowa da taya uku da rabi. Ta taɓa dawowa da buhun lemon Muheza a kujerar baya, saboda wata tsohuwa ta tare hanya ta rantse ba za su wuce ba sai sun karɓa.

Sai shekarar da ba ma son ambata. Yaya Mbwana, ka yi haƙuri, dole in faɗa. Kana saurayi, kai ne a kujerar mai karanta hanya. Kuna gangarowa daga Lushoto cikin hazo, saniya ta faɗo titi. Mzee ya kauce mata, Gwaggo ta wuntsila cikin gonar ayaba. Hannunka ya karye gida biyu. Manoma suka taru suka miƙar da ita, suka tura ta ta tashi, Mzee ya juya ta ya nufi asibiti. Wannan ne kaɗai tseren da Gwaggo ba ta gama ba. Ya lulluɓe ta da tamfol a bayan gareji, ta yi shekaru ba wanda ya ji muryarta.

Wadda ta ɗaga tamfol ɗin Yaya Mwanaidi ce. Tana yarinya, a aike ta sayen gishiri, sai a tarar da ƙafafunta suna leƙowa daga ƙarƙashin Gwaggo. Ita ta wargaza injin ta mayar, Mzee yana tsaye yana cewa ba haka ake yi ba, alhali haka ake yi. Da aka buɗe rukunin tsofaffin motoci a tseren, Gwaggo ta dawo.

A nan ni na shigo. Kunnen Mzee ya yi nauyi, kuma cikin Gwaggo in tana gudu ko tsawa ba a ji. Masu karanta hanya uku ya kora, wai suna magana kamar masu neman aure. Wata safiya yana wucewa ta makarantarmu ta allo ya ji wata murya ta danne ta yara duka. Ya leƙa ya ce wa malam, “Wane ne wannan mai kama da lasifika?” Malam ya ce, “Ɗauke shi, don Allah, ka ɗauke shi yau.”

Haka na zama mai karanta hanya. Yaya Mwanaidi ta karanto mini kowace kwana ta hanyar daga takarda, ni kuma in haddace kamar yadda aka koya mini, ina rangaji. In mun shiga tsere sai in dage: “Hagu mai tsanani, gada a gaba, rage!” Shi kuma ya ce, “Kana mini ihu kamar ni kurma ne!” In na sassauta ya ce, “Ka mutu ne?” Tserenmu na ƙarshe tare, Gwaggo ta zo ta ɗaya a rukunin tsofaffi. Da aka kira sunansa Mzee ya ce a sake dubawa, ƙanwarsa ba ta saba irin wannan rashin kunya ba.

To, yanzu ga abin da ya sa na ce Mama ta yafe mini.

Duk wanda ya taɓa tura Gwaggo ya ɗaga hannu. Ku ɗaga, kada ku ji kunya. Shehe, na gan ka ranar Idi, ɗaga. Mai girma kansila, kai har takalminka ya cire. Ku duba bayanku, jama'a. Kusan kowa.

Duk Tanga an san Gwaggo ba ta tashi sai an tura. Da safe a gareji, a wurin fara tsere, a kowace tasha a kan dutse. Mzee ya zauna ya sa giya ta biyu, ya leƙo ta taga ya ce, “Jama'a, a taimaki tsohuwa!” Mu kuma mu bi ta da gudu har ta yi tari ta kama. Ana ta yi masa tsiya: makaniken da ya gyara motocin gari duka ya kasa gyara sitatar motarsa.

Wata rana da hantsi, Mzee ya tafi shan gahawa, ni kuma bayana yana ciwo saboda turin jiya. Na shiga na zauna a kujerarsa ina kwaikwayonsa don yaran gareji su yi dariya, amma duk sun fita cin abinci. Ni kaɗai. Na ce, “Jama'a, a taimaki tsohuwa,” na murɗa makulli don wasa.

Ta tashi. Bugu ɗaya. Ko tari ba ta yi ba.

Jama'a, sitatar Gwaggo lafiyarta lau. Ba ta taɓa lalacewa ba. Duk shekara yana cire ta ya wanke ya mayar. Ni ake kira shaƙiyyin Ngamiani saboda na taɓa ɗaure wa mai gadi takalmi, ga wanda ya sa gari guda gudu a bayan lafiyayyar mota tun kafin a haife ni!

Ku yi dariyar, Shehe ma yana yi.

Ina zaune baki buɗe sai ga Mzee a taga, kofin gahawa a hannu. Ya ce, “Kashe ta, ɗan banza.” Na kashe. Ya zagayo ya zauna a kujerata, ni ina tasa. Ranar ce kaɗai na ji Mzee ya yi magana a hankali.

Ya ce a tserensa na farko, bayan Handeni, ya kafe cikin baƙar laka, motoci duk sun wuce. Sai ga mata sun taso daga gona da fartanya da goyo. Ba su san shi ba. Suka ajiye kayansu suka shiga laka har gwiwa suka tura. Da motar ta fita ya duba madubi, ya ga suna tsalle suna guɗa kamar su suka ci tseren. Bayan mako ya koma ya yi musu godiya, sai ya ji wata tana gaya wa maƙwabciyarta, “Ga mai motarmu nan ya zo.”

Ya ce, “Sudi, ka ji? Motarmu. Ni na saya, ni na sha wahalarta, amma tunda ta sa hannu, tata ce. In na murɗa makulli na tafi, mutum ɗaya ne ya tafi tsere. In aka tura ni, duk wanda ya tura zai kwana da kunne a rediyo.”

Na ce, “Mzee, ai wannan yaudara ce.”

Ya ce, “Wa ya taɓa tura ta ya koma gida da baƙin rai?”

Na girgiza kai. Can ya ce, “Sai mutum ɗaya.”

Yaya Mbwana, da kai yake. Ya san 'yan makarantarku suna bin ka suna kiranka ɗan mai motar turi. Ya ce sau da yawa ya yi niyyar gaya maka, sai ya ga kai ma bakinka irin nasa ne, kafin la'asar gari ya ji. Ya ce ko bai waiwaya ba yana gane hannunka a bayan mota, don kai da fushi kake turawa, amma kowa ya saki kai ba ka saki sai ta kama. Kuma tun ranar gonar ayaba ba ka sake taɓa ta ba. Bai ga laifinka ba. Laifin kansa yake gani, har ya koma ga Allah.

Ni ne nake zaune kusa da shi a kowane tsere na ƙarshen nan, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Kafin a ɗaga tuta, mutane sun jeru a baya, sai ya gyara madubi ya daɗe yana kallo. Nakan ce, “Mzee, gemun yana nan, ba inda ya je.” Ya ce in rufe masa baki. Sai daga baya na gane fuskoki yake bi ɗaya bayan ɗaya, ko zai ga taka.

Na tambaye shi yaushe zan iya tona wannan asiri. Ya ce, “Ranar da ba na nan balle in mare ka.” Shi ya sa na bari sai yau.

Yaya, ba wanda ya isa ya ce tsoronka ba gaskiya ba ne. Kai ka ji ƙarar ƙashinka, ba mu ba. Ka binne uba, ba ka son ka ga ƙanwarka a gadon asibiti. Ba zan tsaya gaban Shehe in yi maka alkawarin ba abin da zai same ta ba, wannan na Allah ne. Abin da na sani, Gwaggon yau tana da ƙarafan kariya ciki da bel da hular kwano, waɗanda ba ta da su a zamaninka. Kuma Yaya Mwanaidi ta fi Mzee hankali a sitiyari. Allah ya jiƙansa, wannan ba abu ne mai wuya ba.

Ga kuma abin da ba ka sani ba. Yaya Mwanaidi ita ta gyara injin, don haka ta san maganar sitata tun kafin ni. Makulli yana aljihunta. Cikin kwanakin nan da kuke gaba, kafin ka sa a zare mata tayoyi, ba safiyar da ba za ta iya murɗawa ta kai Gwaggo garejin wani ta ɓoye ba. Ni da kaina na ba ta wannan shawara, kun san hali. Ta ce, “Sudi, kai wawa ne. In Yaya bai tura ba, ba inda za ta. Gara a ɗora ta a kan simintin.”

Don haka ba wanda zai ƙwace maka komai. In ka ce dakali, mu da hannunmu za mu cire injin, mu wanke ta, mu ɗora, kuma ba za ka ji wata magana daga bakina ba, duk da hakan zai yi mini wuya. Amma mu mutanen Ngamiani, da na Handeni, da na kan dutse, muna roƙonka. Motar da aka kewaye da sarƙa ba mai sa mata hannu.

Mama, ke ma ina roƙonki. Ke kika yi shekaru kina dafa shinkafar masu turi, kina cewa wannan mota za ta ƙarar miki da itace. Kin san asirin ko ba ki sani ba?

Jama'a, kun ga Mama tana rufe baki da mayafi. Ta sani! Tun yaushe, Mama? Ta ce tun kafin aure. Wato ita ma ta tura!

To saura ɗaya. Yaya, ka sa an ɗora Gwaggo a kan bulo an zare mata tayoyi. Da safen nan, kana wurin masu girki, ni da yaran gareji mun mayar da tayoyin, mun zuba baƙin mai da fetur. Yaya Mwanaidi ba ta sani ba, kada ka harare ta. Gwaggo tana bayan rumfar nan, hancinta yana kallon titi. In ka ce a mayar da ita kan bulo, kafin a gama rabon abinci an mayar, marin kuma da Mzee bai samu ya yi ba, ga kumatuna.

Ba sai ka yi magana ba. Mun san ba ka son taro.

Yaya Mbwana ya tashi. Ku ba shi hanya, ku janye tabarmar. Ban sani ba ko wurina zai zo, Shehe ka matso kusa.

Yana naɗe hannun riga.

Yaya, cire agogon, ka ba Mama ta riƙe maka. Yaya Mwanaidi, me kike jira a nan kina kuka? Je ki zauna, giya ta biyu, kuma kada ki kuskura ki taɓa makullin nan fiye da yadda Baba yake taɓawa.

Ku dakata kaɗan, kada a watse. Yaya, tsaya mu yi addu'a tukuna, ka jira shekaru, ka ƙara minti ɗaya.

Mun gode wa duk wanda ya zo, na kusa da na nesa. Mun gode wa matan da suka kwana biyu a bakin murhu, da matasan da suka kafa rumfa, da waɗanda suka sauko daga dutse da ayaba da lemo.

Ya Allah, bawanka Mwinyihija ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa haske a cikinsa. Gudun da ya sa bayinka suka yi, ka yafe masa, mu mun yafe. Duk wanda ya tsaya ya fitar daga rami, ka sa ya tarar da ladan a gabansa. Ka ba Mama haƙuri da lafiya. Ka haɗa kan 'ya'yansa, ka mayar da su tire ɗaya. Ka tsare Mwanaidi a hawa da gangara, ka kawar mata da hazo da dabbar hanya, ka dawo mana da ita lafiya ko da ita ce ta ƙarshe. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ka ba mu masu ɗaukarmu da yawa.

Amin. Shehe, a ja mana Fatiha. Masu ƙarfi kuma su bi bayan Yaya, amma ku bar masa tsakiya.